Kujeru 1,500 na kyauta a gidan wasan St. Louis: alheri ne ko haƙƙin mutanen gari?

Maman Hanifa (St. Louis):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun daren jiya nake son kawo muku wannan magana, gajiya ta kwantar da ni. Na kai yarana biyu kallon wasa a wani gidan wasan kwaikwayo na nan garinmu, St. Louis a Amurka, da ake kira The Muny, ban biya ko sisi ba, kuma har yanzu abin bai bar raina ba.

Ga yadda wurin yake. A cikin babban lambun gari, Forest Park, akwai wani gangaren tudu da aka jera wa kujeru wajen 11,000. Babu rufi, sararin sama ne a kanka. Tun 1919 ake wasa a wurin duk lokacin zafi, irin wasan nan da ake saƙa labari da waƙa da rawa, makaɗa na zaune a wani rami gaban dandamali suna kiɗa nan take. Wasanni bakwai suke yi a shekara, daga tsakiyar Yuni zuwa Agusta, kowanne ya yi kamar mako guda a sauke shi a ɗora wani. Layuka tara na can ƙarshen baya, kujeru wajen 1,500, kyauta ne kowane dare. Wanda ya riga zuwa shi ke zama. Ba a cike takarda, ba a tambayarka nawa kake samu, ba a tambayarka daga ina kake.

Mun isa wajen ƙarfe shida muka bi layi, da bakwai aka buɗe ƙofa. Wata tsohuwa Baturiya ce ta zauna kusa da Hanifa. Daga inda muke, 'yan wasan ba su fi ɗan yatsa ba. Da tsohuwar ta ga yarinyar tana ta miƙa wuya, sai ta ciro madubin hangen nesa daga jakarta, fatar jikinsa duk ta goge don tsufa, ta rataya mata a wuya. Ta ce min da shi uwarta ta riƙa kawo ta waɗannan kujerun tana yarinya. Hanifa ba ta sauke shi daga idonta ba har aka tashi.

Abin da nake tambaya: wannan gida ba na neman riba ba ne, ba na wani attajiri ba ne. Yaya aka yi ya haura shekara ɗari yana tsaye, kuma yana kyautar da kujeru 1,500 duk dare?

Baban Sadik (Kaduna):
Wa alaikumus salam Hajiya. Ai amsar a fili take, gwamnati ce ke ɗauke da shi. Ƙasar da ke da kuɗi komai ma tana iya yi.

Abdul Akanta (New Jersey):
Baba, da izininka in ɗan gyara. Ba gwamnati ke riƙe da irin waɗannan gidajen ba. A Amurka abin da gwamnatin tarayya ke ba harkar fasaha kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta da abin da ake kashewa. Hukumar da ke rabon tallafin ma sai 1965 aka kafa ta, lokacin gidan da Hajiya ke magana ya kusa shekara hamsin.

Aikina ke nan, duba littattafan ƙungiyoyi, don haka bari in ɗan zauna a kai. Akwai sashe a dokar harajinsu, 501(c)(3), da ake yi wa ƙungiyoyin amfanin jama'a rajista a ƙarƙashinsa: masallatai, coci-coci, makarantu, asibitoci, har da gidajen wasa. Ƙungiyar da ta shiga nan ba ta da mai ita. Babu wanda zai ce wannan kasona ne. Kwamitin amintattu ke kula da ita, kuma galibi ba a biyansu, hasali ma su ake sa ran su fara zuba nasu. In kuɗi ya yi rara a ƙarshen shekara ba a rabawa, ciki yake komawa. Ita ƙungiyar ba ta biyan harajin riba, wanda ya ba ta gudunmawa kuma yana iya samun sauƙin nasa harajin. To nan ne hannun gwamnati yake, a harajin da ta yafe, ba a kuɗin da ta miƙa ba.

Kuɗin kuwa tukunya uku ce. Ta farko tikiti, musamman masu sayen na kakar wasa gaba ɗaya tun kafin a fara, don da kuɗinsu ake ɗinkin kaya da gina dandamali. Ta biyu gudunmawar mutane da kamfanoni. Ta uku asusun ajiya da ake juyawa, a ci ribar a bar uwar kuɗi.

Kada kuma a ɗauka "ba don riba ba" na nufin aikin sa kai. 'Yan wasa da makaɗa da masu haɗa dandamali duk suna da ƙungiyoyin ƙwadago, ana biyansu bisa yarjejeniya. Ta 'yan wasan tun 1913 take.

Baban Sadik (Kaduna):
Na gode ɗana, na ƙaru. Amma filin fa? Hajiya ta ce a lambun gari yake.

Maman Hanifa (St. Louis):
Haka ne Baba, lambun na birni ne. Sunan ma daga kalmar da ke nufin "na birni" aka gutsuro shi, kuma magajin garin wancan lokacin, Henry Kiel, yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa shi. A cikin lambun nan akwai gidan namun daji da gidan zane-zane da gidan tarihi, duk shiga kyauta, domin mutanen birni da kewaye sun yarda a riƙa cire musu wani abu a harajin gidaje don su, tsarin da aka fara da ƙuri'ar 1971. Amma Muny ba ya cikin masu cin wannan harajin. Shi da tikiti da gudunmawa yake rayuwa.

Nura Direba (St. Louis):
Anti, ina gaisuwa. Ashe jiya kina can, ni kuma ina waje ina jiran a tashi in kwashi fasinja. Shekarata shida ina wannan aikin a garin nan, kuma ina da magana, Allah ya sa ba za a ji haushina ba.

Kin faɗi gaskiya, kujerun kyauta ne. Amma wa ke iya zuwa ya tsaya a layi ƙarfe shida na yamma ranar aiki? Wanda ke da hutu. Matar da ke wanke-wanke a gidan abinci, da mai gadin dare, da irina da lokacin ne kasuwarmu ke ci, kyautar ba ta iso mu ba. Kin san titin Delmar. Ki tsaya a kansa ki dubi kudu, gidaje ne masu kyau, yawanci Turawa. Ki juya arewa, yawanci baƙar fata ne, ga kangaye, ga gidajen da ciyawa ta cinye. Lambun yana kudu da wannan titin. Tafiyar minti kaɗan ce a mota, amma a unguwar da nake zaune akwai yaran da ba su taɓa taka wurin ba.

Garin nan a 1950 mutum sama da 850,000 ne a cikinsa. A ƙidayar 2020 dubu ɗari uku da 'yan kai suka rage. Masu hali sun fice zuwa unguwannin bayan gari. Ni nake mayar da su gida bayan wasa, na san inda nake sauke su. Suna shigowa su zauna a gaba inda kujera kan haura dala 100, talaka kuma yana can saman tudu yana kallon 'yan wasa kamar tururuwa. Abin yana min ciwo, ban iya ɓoyewa.

Zulai (Kumasi):
Kai, Nura ya taɓo inda ke ƙaiƙayi.

Maman Hanifa (St. Louis):
Ƙanena, babu jin haushi, abin da ka faɗa game da Delmar kowa a garin nan ya sani. Ni ma don ina aikin safe a asibiti wannan makon ne na samu zuwa. Amma bari in gaya maka wanda na gani a layin jiya. Akwai wani dattijo baƙar fata da jikoki huɗu, kowanne da gorar ruwa. Akwai wasu mata biyu 'yan Bosniya da lulluɓi, mun yi sallama, ka san yawansu a garin nan tun bayan yaƙinsu na shekarun 1990. Akwai 'yan makaranta da suka zo a jirgin ƙasa suka tako daga tasha. Ban ce kowa ya samu ba. Na ce waɗanda na gani ba masu hali ba ne, kuma babu wanda ya sunkuyar da kai don ya shiga ta ƙofar kyauta. Sauti kuma ɗaya ne, abin da na gaba ya ji shi na ji. Manyan fankokin nan da ke kan dogayen sanduna ma ba su san mai tikiti da marar tikiti ba.

Nura Direba (St. Louis):
To Anti, ni abin da ba na so shi ne a kira shi alheri. Ƙasar da gidan ke kai ta mutanen gari ce. In ka kafa rumfa a filin unguwa ka shekara ɗari kana sana'a, ka ware wa 'yan unguwa benci a baya, ba kyauta ka yi musu ba, kuɗin haya ka biya. Ranar da aka fara ganin abin a matsayin alheri, ranar ce wani zai ce kuɗi ya yi wuya, a rage. In kuwa haƙƙi ne, babu mai taɓawa.

Abdul Akanta (New Jersey):
Wannan magana ta Nura ita ce zuciyar lamarin, kuma ko ta fuskar lissafi tana da ƙarfi. Ƙungiyar da aka yafe wa haraji, kowa a ƙasar ya ɗauki wani ɓangare na nauyinta ko bai sani ba. Don haka akwai bashin jama'a a kanta. Kujera 1,500 cikin 11,000 ya kusa kashi 14 cikin ɗari, duk dare, a gidan da ke aiki wata biyu kacal a shekara. Ba ƙaramin abu ba ne. Amma na yarda da kai, biyan bashi ne.

Malam Habibu (Kano):
Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga sama. Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Ni tambayata daban ce, kuma don Allah nake yi. Wurin kiɗa ne da rawa, maza da mata a haɗe, da dare. Me yaran suke gani a dandamalin? Sannan ƙarfe nawa ake farawa, ina magariba ta shiga? Muna yaba tsarin mutane, amma kada tsarin ya ɗauke mana hankali daga abin da ke cikin kwanon.

Maman Hanifa (St. Louis):
Allah ya gafarta Malam, tambayar tana kan hanya, kuma ni ma na yi wa kaina ita kafin in taka wurin. Ba kowane wasa nake kai su ba. Ana fitar da jerin wasannin tun watanni kafin a fara, ina zama in karanta labarin kowanne, in tambayi abokan aikina da suka san shi. A bakwai ɗin bana biyu na zaɓa. Akwai waɗanda shigar 'yan wasan ko zancen da ke ciki bai dace da tarbiyyar gidana ba, ba ma zuwa, kuma na gaya wa yaran dalili.

Ana farawa takwas da kwata. A wannan watan rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen takwas da rabi saura. Da lokaci ya yi na ja hannun yaran muka fita ta baya, ka ga amfanin zama a layin ƙarshe, muka samu gefe a kan ciyawa na shimfiɗa ɗan dardumar da ke jakata. Wani yaro cikin masu nuna wa mutane wurin zama ya hango mu, bai ce komai ba, ya dai matsa ya tsaya ta inda mutane ke wucewa har muka sallame. Bai fi shekara goma sha bakwai ba.

Batun hukuncin kiɗa kuwa, Malam, kai ne masani, kuma na san malamai sun yi maganganu a kai. Ba zan ce abin da nake yi shi ne daidai ga kowa ba. Abin da na sani, yaran nan a ƙasar nan suke girma, wayar hannu na nuna musu abin da ya fi wannan muni ba tare da ina kusa ba. Na fi son abin da za mu gani tare, mu dawo a mota muna tattauna shi.

Malam Habibu (Kano):
Na ji bayaninki, kuma tantancewar da kike yi abu ne mai kyau, ki riƙe ta. Ra'ayina a kan kiɗan bai sauya ba, ba kuma zan mayar da zauren nan wurin fatawa ba. Amma wani abu da Abdul ya faɗa ya tsaya min: asusun da ake cin riba a bar uwar kuɗi. Ai mu muka san wannan tun kafin su, shi ne wakafi. Rijiyar da Sayyidina Usman ya saya a Madina ya bar wa jama'a, kowa ya san labarinta. Ban ce a yi wa gidan rawa wakafi ba. Ina cewa makarantun allonmu da ɗakunan karatunmu suna mutuwa ne ranar da mai su ya mutu, saboda mun bar wannan ƙofa.

Anti Rabi (Zariya):
Na yi shiru ina karatu, amma zancen ya iso ƙofar gidana. Ni a Jami'ar Ahmadu Bello na karanta wasan kwaikwayo. Wanda ya san Samaru ya san dandalin wasanmu na ginin ƙasa, mai ɗakuna zagaye kamar gidan Bahaushe, tsakiyarsa a buɗe. Tun shekarun 1970 malamai irin su Michael Etherton suka fara tura ɗalibai cikin garin Samaru da ƙauyukan kewaye, su zauna da mutane, su ji abin da ke damunsu, su mayar da shi wasa, su koma su yi shi a dandalin unguwa kyauta. Mu ma mun yi. Na ga tsofaffi suna tashi a tsakiyar wasa su ce "ba haka aka yi ba", a gyara nan take. Saboda haka kai wasa ga jama'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tashe ma da yara ke yi a goman tsakiyar azumi mene ne? Labari ne da waƙa da kwaikwayo, a ƙofar gidanka, abin da ka samu ka bayar.

Abin da muka rasa shi ne gidan da zai daɗe. Bayan mun gama makaranta mu goma sha ɗaya muka kafa ƙungiya. Muka yi karo-karo, muka sayi ganguna da fitilu biyu da janareta, muka kama hayar wani zaure. Shekara biyu muna wasa duk ƙarshen wata, yara suna shiga kyauta, manya su ba da abin da ya sauwaƙa. Wani bawan Allah ya ga aikinmu ya ba mu kuɗi masu kauri. Daga ranar ƙungiyar ta fara mutuwa. Babu asusun banki, babu littafi, kuɗin na hannun mutum ɗaya da muka yarda da shi don abokinmu ne. Da aka tambaya sai zancen ya zama "ba ku yarda da ni ba ke nan?" Kunya ta hana mu matsawa. Wata shida kowa ya kama gabansa. Zauren yanzu wurin biki ne. Ganguna biyu suna ɗakina har yau, fatar ɗaya ta tsage.

Shi ya sa da Hajiya ta ce 1919 sai da na ajiye wayar na yi shiru.

Abdul Akanta (New Jersey):
Anti, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya kashe ƙungiyarku shi ne ainihin abin da dokar nan ta toshe. Irin waɗannan ƙungiyoyi duk shekara sai sun cike wata takarda mai lamba 990: nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa manyan ma'aikata ke ɗauka. Kuma a buɗe take, yanzu haka daga Zariya kina iya neman ta Muny a intanet ki karanta. Tambayar kuɗi a nan ba zargi ba ce, al'ada ce. Mai ajiya ba ya jin an ci mutuncinsa don an ce ya kawo littafi.

Amma kada mu ɗauka ba sa faɗuwa. Gidan wasan waƙa na San Jose a California ya karye a ƙarshen 2008 bayan shekaru masu yawa. Na North Shore a Massachusetts ya rufe a 2009 saboda bashi, sai wani ɗan kasuwa ya saya ya sake buɗe shi. Na kusa da ni, Paper Mill Playhouse a garin Millburn, mai kujeru wajen 1,200, gobara ta cinye shi a 1980 aka sake gina shi, sannan a 2007 ya kai gargarar rufewa don rashin kuɗi. Abin da ya cece shi, a 2008 hukumar garin ta sayi ginin da filin a kan dala miliyan 9, ta ba su haya na dogon zango. Dalilinsu bai ɓoyu ba, gidajen abinci da shagunan tsakiyar garin da daren wasa suke ciniki. A 2016 gidan nan da ya kusa mutuwa ya karɓi lambar Tony, babbar lambar yabon wasan dandamali a Amurka, a rukunin gidajen wasan yankuna. Kuma tun 1996 suke bin makarantun sakandaren jihar suna duba wasannin ɗalibai suna karrama waɗanda suka yi fice.

Isuhu (Damagaram):
Salamu alaikum. Anti Rabi, mu nan Nijar tamu hanyar daban ce, amma ƙarshenta ya yi kama da naku. Zamanin Seyni Kountché, lokacin samariya, kowane gari da ƙungiyarsa ta teyatur, ana gasa tun daga unguwa har zuwa bikin matasa na ƙasa. Gidan matasa ya cika maƙil, mata da yara da tsofaffi. Su Yazi Dogo sun sa duk ƙasar dariya da Hausa, a dandali da talabijin. Ina yaro ina lakwal, mun sha hawa katanga don mu gani. Amma gwamnati ce uwa da uba. Da hankalinta ya koma wani wuri, kuɗi ya janye, sai abin ya yi sanyi. Gine-ginen na nan. Mutanen gari ba su taɓa jin cewa nauyin a kansu yake ba, don ba a taɓa tambayarsu dala ɗaya ba.

Baban Sadik (Kaduna):
To ai kun dawo kan maganata ta wata hanyar. Ko gwamnati ko attajirai, sai da mai kuɗi. Talakan da ke neman na masara ba zai yi karo-karon gidan wasa ba.

Anti Rabi (Zariya):
Yaya, talakan nan shi ke gina masallacin unguwa da bulo ɗaya-ɗaya. Shi ke adashe shekara da shekaru ba a ci na kowa ba. Yana bayarwa in ya ga inda kuɗinsa ya shiga. A zaurenmu wata mai ƙosai duk wata sai ta kawo mana naira ɗari biyu a ƙulle a bakin zane, don ɗanta yana cikin yaran da muke koya wa wasa, kuma ta ce tun da ya fara ya daina in'ina a gaban mutane. Ita ce na fi jin kunyar haɗuwa da ita bayan mun watse.

Maman Hanifa (St. Louis):
Anti, wannan ta sa ni hawaye.

Nura, akwai abin da nake so ka sani, don ya shafi maganarka. Mutumin da ke shugabantar Muny yanzu, Kwofe Coleman, baƙar fata ne, kuma a 1998 ya fara aiki a wurin yana matashi, yana nuna wa mutane kujerunsu. A 2022 ya hau kujerar shugabanci. Wanda ya gada, Denny Reagan, shi ma yana matashi ya fara, da tsintar shara bayan an tashi, ya yi sama da shekara hamsin a gidan. Shugabanni biyu a jere, duk daga ƙasan tsani. Shi ya sa yaron da ya tsare mana hanya muna salla na dube shi da wani ido. Duk lokacin zafi matasan garin nan da yawa a wurin suke samun aikinsu na farko. Suna da ƙungiyar yara da ta matasa da ake koya wa waƙa da rawa, wasu har su hau dandamali tare da ƙwararrun da aka ɗauko daga New York. A 2020 annoba ta hana su wasa gaba ɗaya, da suka dawo a 2021 kujerun kyauta na nan inda suke. A 2025 su ma suka karɓi lambar Tony ɗin da Abdul ya ambata.

Nura Direba (St. Louis):
Ban san labarin shugaban ba, kuma ya yi min daɗi, ba zan ƙi faɗa ba. Amma mutum ɗaya da ya hau ba ya nufin hanya ta buɗe wa kowa. Ni dai ina nan a kan bakana: a kira kujerun haƙƙi, kuma a auna gidan da yawan yaran arewacin Delmar da suka shigo, ba da lambar yabo ba. In da ni ne a kwamitin, motar safa zan riƙa turawa unguwanni, kuma dare ɗaya a kowane wasa a juya, masu kyauta su zauna a gaba.

Abdul Akanta (New Jersey):
Na biyun zai yi wuya, don waɗancan kujerun na gaba wasu iyalai sun riƙe su shekara da shekaru suna sabuntawa, kuma kuɗinsu ne ke ɗauke da na baya. Na farkon kuwa abu ne mai yiwuwa. Ka rubuta musu. Ƙungiyar da ke cin sauƙin haraji, wasiƙar ɗan gari tana da nauyi a wurinta.

Anti Rabi (Zariya):
Abdul ɗana, in ba damuwa ka turo min ta akwatin sirri yadda ake tsara littafin shiga da fita na ƙaramar ƙungiya, mai sauƙi, wanda za a iya karantawa a gaban kowa duk ƙarshen wata. Akwai malamai biyu a makarantarmu da suka daɗe suna damuna mu fara wani abu da ɗalibai. Zan kai gangar a sake mata fata.

Abdul Akanta (New Jersey):
An gama Anti, yau da dare in sha Allah. Sharaɗi ɗaya zan sa a sama: mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, kuma mutum biyu ke sa hannu kafin a fitar da ko naira ɗaya.

Nura Direba (St. Louis):
Anti Maman Hanifa, wasa na biyun da kika zaɓa yaushe ne? Akwai yara uku a gidan da ke kusa da nawa, kakarsu ke riƙonsu. Zan nemi izininta. In ta yarda zan ajiye aiki ranar, in kawo su da kaina, in ga abin da idona daga ciki.

Maman Hanifa (St. Louis):
Mako biyu masu zuwa ne, mu yi ranar Talata, an fi samun wuri. Ku iso kafin shida, ta ƙofar sama can bayan tudu. Ka ce su sa kaya marasa nauyi, zafin ba ya sauka sai dare ya raba. Ni zan zo da ruwan sanyi da fanke da tabarma mu zauna a ciyawa kafin a buɗe. Ka tambayi kakar ko akwai abin da ba sa ci. Na yi odar madubin hangen nesa guda biyu da safen nan, sai su riƙa karɓa-karɓa da su Hanifa.